Ku Daina Wasa da Rajistar Mutane

Da ku nake, samarinmu masu taɓa kwamfuta a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, daga Mai Wurno har Rusairis. Ku da mutanen gari suka laƙaba wa "muhandis", wato injiniya, tun kafin ku gama karatu, ku da ake tura yaro ya taso da tsakar rana in na'urar makaranta ko ta ɗakin shan magani ta ƙi tashi. Akwai wani aiki da kuka tsiro da shi tun da mutane suka fara komowa gidajensu daga gudun yaƙi, kuna yinsa da gaggawa da ƙafafa, kuma amanar jama'a yake ci. Za a danƙa muku kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai, ko sunayen manoman ƙungiya da bashin iri da taki da ke kan kowa, ko jerin gidajen da za a raba wa tallafi. Sai ku sayo faifai na biyu a kasuwar Madani ko Sannar, ku kwance murfi, ku jona shi, ku ce za ku tagwaita shi da na farko a kan ɓangarorin da ake aiki da su, a ranar, alhali ba ku kwafi ko fayil ɗaya kun ajiye a gefe ba. Wannan ganganci ne. Duk wanda ya yi shi da kayan mutane ya ci amana, ko aikin ya rushe ko ya tsira da kyar.

Ban ce tagwaita faifai laifi ne ba. Tsohuwar dabara ce mai amfani. A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Patterson da Gibson da Katz, suka jera hanyoyin haɗa faifai da yawa su yi aiki tamkar ɗaya, suka kira abin RAID. Mataki na ɗaya a jerin nasu shi ne wannan da kuke ƙoƙarin yi: faifai biyu, duk abin da aka rubuta a wannan a rubuta shi a wancan lokaci guda. In ɗaya ya mutu, kwamfuta ta ci gaba da tafiya a kan ɗan'uwansa har a sayo wani. Iyakar amfaninsa ke nan, mutuwar faifai guda ita kaɗai yake tarewa.

Abin da ba ku tsaya kun karanta ba shi ne abin da manhajar take yi wa faifai a daƙiƙar da kuka ba ta umarni. Ku da kuka koyi Linux a jami'a, mdadm kuke amfani da ita. In ɓangaren yana ɗaure ana aiki a kansa, za ta ƙi, ta ce yana hannu. Wannan ƙin gargaɗi ne, amma sai ku tashi na'urar daga filash ku kewaye shi. To duk ɓangaren da kuka miƙa mata sai ta buga nata tambarin a jikinsa, bayanin da zai sa ta gane shi gobe a matsayin ɗaya daga cikin tagwaye. A tsarin da take bi in ba a gaya mata wani ba, wanda ake kira 1.2, tambarin yana sauka ne kilobayit 4 daga farkon ɓangaren. A daidai wannan wuri kuma tsarin fayiloli irin ext4 yake ajiye taswirar da ke nuna inda komai yake. Ta rubuta a kai, sannan ta matsar da mafarin faifan haɗin can gaba, yadda in kun leƙa ba za ku ga fayil ko ɗaya ba. Ba a ɓoye take yin haka ba. Tana tsayawa ta shaida muku cewa ta ga alamar fayiloli a wannan ɓangare, ta tambaye ku ko ta ci gaba. Sai ku danna harafin amincewa ba tare da kun karanta layin ba, don kun ga wani a bidiyon YouTube ya danna. Mai bidiyon nan a kan faifai fanko yake gwaji, ɗana. Kai kuwa shekarun makarantar garinku ne a ƙarƙashin yatsanka.

In kun tsallake wannan rami, wani na gaba. Idan aka ambaci faifai biyu tare wajen haɗawa, manhajar tana ɗaukar na farko a matsayin uwa, ta shafe na biyu da abin da ke cikin na farko tun daga kai har gindi. Ba ta san wanne ne cike wanne ne fanko ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Sunayen nan da Linux ke ba faifai, sda da sdb, ba a jikin ƙarfen aka rubuta su ba. Wanda aka jona a ƙofa ta farko, ko wanda ya riga amsawa lokacin tashi, shi ke karɓar sda. Ka ƙara faifai, ko ka sauya waya, ko ka bar filash a jiki, sai sunaye su juya. Faifan da ka sani jiya da sda yau shi ne sdb. Ka sa fanko a gaba, cikakke a baya, ka zauna kana kallon lamba tana hawa, kashi goma, kashi ashirin, hankalinka kwance, alhali rajistar mutane ce ake binnewa a gaban idonka. Kowane faifai yana da lambarsa ta masana'anta manne a bayansa, kuma umarni ɗaya zai fito maka da ita a allo. Aikin minti biyu ne ka gwada ta allon da ta takardar. Minti biyun nan ne kuke ƙyashi.

Na tsaya a kan irin wannan ɓarna a wata sakandaren 'yan mata, a wani ƙauye kudu da Madani. Tsohuwar kwamfuta ce, ta tsira daga masu wawaso saboda shugabar makarantar ta naɗe ta a tabarma ta cusa ƙarƙashin buhunan dawa a gidan yayarta. A cikinta akwai makin jarrabawa na shekaru, da hotunan takardun haihuwa da iyaye suka kawo lokacin rajista, waɗanda da yawa asalinsu ya ƙone ko ya salwanta a hanyar gudu. Da aka buɗe makaranta, wani yaro mai kirki, ɗan garin, ya ce zai ƙara mata faifai don gudun asara. Niyyarsa kyakkyawa ce, babu mai musun haka. Ya haɗa, ya leƙa, ya ga wayam. Ya rikice, sai ya yi abin da ya fi komai muni, ya yi wa faifan haɗin fomat, yana zaton tsoffin fayilolin suna can wani wuri za su fito daga baya. Da aka kira ni na tarar da shugabar zaune a benci bakin ofis, rungume da jakar leda mai ɗauke da 'yan takardun da suka rage, tana ce mini, "Ustaz, na 'yan aji uku fa? Su ne za su zauna jarrabawar shahada." Yaron yana jingine da bango ya kasa ɗaga kai. Manhajar tono ta dawo mana da tulin hotuna marasa suna, a cakuɗe, wasu rabi-rabi. Malamai mata suka yi makonni suna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, su karanta sunan yarinya, su sake jerawa. Jadawalin maki bai dawo ba.

Da yaron nan ya kashe na'urar a lokacin da ya ga fayiloli sun ɓace, ya nemi wanda ya fi shi sani, da an ceto kusan komai, domin ext4 tana ajiye kwafin taswirarta a wurare da dama cikin faifai. Kunyar cewa "ban sani ba" ce ta kai shi ga fomat. Wannan kunya ita ce cutarku, samari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ku kun gwammace ku shaƙe da shi da ku ɗaga waya ku tambayi na gaba da ku, don kada a ce muhandis ya kasa.

Sannan ku dubi inda kuke aikin. Faifai mai terabayit ɗaya, in yana gudun megabayit 100 a daƙiƙa, sai ya ci kusan awa uku kafin tagwaye su daidaita, a tsohuwar na'ura kuwa abin ya fi haka. Wane ƙauye ne a Jazira yau zai rantse maka wuta za ta tsaya awa uku? Ko a kan sola kake, batirin da ya sha zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ba abin dogaro ba ne, balle ga firjin allura ko fanka a kan layi ɗaya. Faifan da kuke sayowa kuma galibi na hannu ne, an ciro shi daga na'urar da ba ku san tarihinta ba. A wannan zamani da kayan wawaso suka cika kasuwanni, wajibi ne ma ka tambayi daga ina ya fito, kada ka gina amanar makarantarku a kan kayan da aka ƙwace wa wata makarantar. Daidaita tagwaye yana tilasta wa faifai ya bi ta kowane lungu nasa, har wuraren da ya shekara bai taɓa ba, kuma a irin wannan wahala ce faifai mai ciwon ɓoye yake faɗuwa. Faifai yana riƙe da labarin lafiyarsa. Manhajar smartctl za ta nuna maka awoyin da ya yi yana juyawa, da gurabun da suka lalace ya kauce musu, da waɗanda ya kasa karantawa suna jiran hukunci. Kaɗan ne cikinku ke dubawa. Masuntanmu na Rusairis ba sa sauya katakon gindin jirgi a tsakiyar ruwa da kaya a ciki, sai sun ja shi gaɓa sun sauke komai.

Hanyar da ta dace ba ɓoyayya ba ce, jinkirinta kuke gudu. Kafin ka ɗauki sukurdireba, ka kwashe komai zuwa faifan waje, ka zare shi, ka kai shi wata kwamfutar ka buɗe fayilolin da idonka. Ka ga jadawali ya buɗe, ka ga hotuna sun fito, sannan ka miƙa shi ga mai amanar ya kulle a akwati. Bayan haka tsohon faifai ba ruwanka da shi tukuna. Sabon za ka yanka daidai da tsohon, ka haɗa tagwaye da ƙafa ɗaya, ka bar gurbin na biyu babu kowa. Manhajar ta yarda da haka, kalma ɗaya ce ake sa mata a gurbin. Ka yi wa wannan fomat, ka kwafe fayiloli zuwa cikinsa da rsync, ka gyara fstab ya riƙa neman ɓangarori da lambarsu ta dindindin ta UUID, ka rubuta bayanin haɗin a mdadm.conf, ka sabunta initramfs, ka sa GRUB a sabon faifan, ka tashi na'urar daga gare shi. Daga nan ka janye hannunka. Ka bar malamai ko ma'aji su yi aiki a kai kwana biyu ko uku, su ce da bakinsu komai na nan. Sai a sannan, bayan ka sake duba lambar bayan faifai, za ka miƙa tsohon ɓangaren ya shiga tagwaye a shafe shi. Ka tabbata taswirar rubutu da ake kira bitmap tana kunne, don in wuta ta ɗauke ana cikin aiki kada a faro daidaitawa daga tushe. A ƙarshe ka sa GRUB a ɗayan faifan ma, ka kashe na'ura, ka zare faifai guda ka ga ko za ta tashi. Ka mayar, ka jira su daidaita, ka zare ɗayan. Da yawa sun tagwaita bayanai sun manta da wannan. Ranar da faifan farko ya mutu sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, ga bayanai lafiya lau a na biyu amma na'ura ba ta san ta inda za ta tashi ba, ga jama'a sun yi layi a ƙofa.

Na san za ku ce akwai gajeriyar hanya, a sa tambarin a ƙarshen ɓangare da tsarin 1.0 don kada ya taɓa farkon. Akwai ta. Sai dai dole ka fara rage girman tsarin fayiloli ka bar wa tambarin wuri, kuma ext4 ba ta raguwa tana ɗaure, in lissafinka ya kauce kuma wutsiyar bayanai ce za ta tafi. Masu Windows ma kada su ji sun tsira. Tagwaitawar da ke cikin manajan faifai sai ta juya faifan zuwa wani tsari da kamfanin Microsoft da kansa ya daina bunƙasawa, kuma wanda ya shiga BIOS ya kunna RAID a kan na'urar da ke aiki yakan tarar Windows ta ƙi tashi. Duk hanyar da ka bi, kwafin gefe ne farko.

Kada wani ya ce wannan kuskuren 'yan koyo ne, shi ya wuce nan. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani ƙwararren ma'aikacin kamfanin GitLab yana fama da kwafin rumbun bayanansu da ya daina bin uwarsa, cikin dare, a gajiye. Ya ba da umarnin sharewa yana zaton a kan na'urar kwafin yake, ashe a kan uwar yake. Kafin ya farga kusan gigabayit 300 sun tafi. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu guda biyar, suka tarar babu wadda ke aiki yadda suka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, kuma abin da mutane suka rubuta cikin awoyin nan shida bai dawo ba. Kamfani ne mai injiniyoyi da kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa. Kai da ke aiki kai kaɗai a ofis mai rufin kwano, da inbata mai ƙugi, me ka dogara da shi da ya fi nasu?

Laifinku na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, domin shi ƙarya ce. In aikin ya yi kyau, sai ku je gaban shugaban lajna, wato kwamitin gari, ko limamin da ke riƙe da asusun masallaci ku ce, "Baba, yanzu ko me ya faru bayananku na nan, faifai biyu ne." Dattijo ya sa albarka, ya daina cika littafin takarda. Kun sa shi yana yi wa rogo kallon kitse. Fayil ɗin da ma'aji ya goge bisa kuskure yana gogewa a faifai biyun cikin daƙiƙa guda. Ƙwayar cutar da ta shigo ta filash ɗin wani ɗalibi tana cin su tare. Wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona na'ura ba ta zaɓar faifai, haka ruwan damina da ya zubo ta rufi. Ɓarawo kuwa akwatin gaba ɗaya yake saɓawa a kafaɗa.

Mu ne za a koya wa wannan? A Disamba 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani, garin da dubban mutanen Khartum suka fake a cikinsa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu na shekarar. Daga nan suka bazu cikin ƙauyuka. A ƙarshen Yuni 2024 Sinja ta faɗi. Kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba 2024 da Madani a Janairu 2025, an kwashe motoci da taraktoci da farantan sola da batura da wayoyi da kwamfutoci daga ofisoshi da makarantu da gidaje. A Fabrairu 2024 kuma layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu a kusan duk ƙasar, Jazira ta daɗe a duhu, mai kuɗi a manhajar banki ta Bankak ya kasa taɓa su sai ya nemi inda ake hayar Starlink. Ku nuna mini ofishi guda da faifai biyu a akwati ɗaya suka cece shi a wancan lokaci.

Ku dubi rumbun iri na Hukumar Binciken Noma da ke Madani, inda aka tara dubban nau'o'in dawa da gero da riɗi da sauran amfanin gonar ƙasar nan cikin shekaru masu yawa. An fasa shi, an kwashe firizoji, an watsar da iri. Kason da hankali ya kwanta a kansa shi ne wanda aka riga aka aika ɗan'uwansa can Svalbard, rumbun da ƙasar Norwe ta haƙa cikin dutse a yankin ƙanƙara ta buɗe a 2008. Ma'aikatan ba su tsaya kuka ba, a Fabrairu 2025 an kai ƙarin irin Sudan can. Masu rumbun iri na Halab a Siriya sun riga mu ganin amfanin haka, domin a 2015 sun karɓo nasu daga Svalbard sun sake shukawa a Labanan da Maroko. Da a ɗaki ɗaya aka ajiye kwafi biyun, da rana ɗaya suka tafi.

Mu Hausawan ƙasar nan kuwa, ɓatan takarda ba ƙaramin abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno kudu da Sannar, da waɗanda suka yada zango a hanyar hajji suka zauna, da waɗanda guminsu ya shiga audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sannar a 1925, duk sun daɗe ana tambayarsu hujjar zama. Dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijirar Burmi a waje. An sassauta dokar daga baya, amma duk wanda ya taɓa bin layin neman rakam watani, lambar shaidar ɗan ƙasa, ya san tambayoyin da ake ƙara wa Bahaushe. Mutanen kambo, sansanonin 'yan ƙwadagon gona, sun shekara aru-aru a gefen magudanan ruwa, gidajensu ba su cikin rajistar filaye. A Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, an zubar da jini a kan wa ke da ƙasa wa ke baƙo, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu da kayan jikinsu kaɗai. Ga mutanen da wannan ne tarihinsu, hoton takardar haihuwa a kwamfutar makaranta, ko rasit ɗin gonar hawasha, ko shafin tsohon littafin umda, hakimin yanki, mai sunan kaka, wata rana shi ne zai tsaya musu shaida a gaban jami'i. A kan shi kuke koyon hannu.

Iyayenmu shehunan ƙauyuka da 'yan lajna da shugabannin makarantu, ku gafarce ni, ku ma kuna da naku kason. Kuna son aiki ya ƙare kafin la'asar. Kuna jin nauyin kuɗin faifan waje, alhali ba ku jin nauyin abin da za a kashe in rajista ta salwanta. Kuna miƙa wa yaro makulli don ɗan wane ne, kuna jin kunyar tambayarsa abin da zai yi don kada a ga ba ku san kwamfuta ba. Ba sai kun san Linux ba. Ku ce masa, "Ina kwafin? Buɗe shi a gabana a wata na'urar." In ya buɗe kun ga sunayen mutanenku, ku karɓi faifan ku kulle da hannunku, sannan ku bar shi ya taɓa murfi. In ya fara kame-kame yana cewa ba a buƙata, ku karɓi makullinku.

Tagwayen ma, in an yi su daidai, ba a juya musu baya. Faifai ɗaya in ya mutu na'ura ba ta kuka, tana ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, ta yi watanni a kan ƙafa ɗaya babu wanda ya sani har ɗayar ta karye. Manhajar tana iya aika saƙon gargaɗi ta imel, amma a ƙauyen da intanet ke zuwa yana ɗaukewa wannan bai isa ba. Dole a sa mutum guda, da sunansa, ya riƙa leƙa /proc/mdstat duk ranar Alhamis kafin a tashi aiki. Haruffan U biyu zai gani a jere. Ranar da ɗaya ya koma ɗan layi, ranar ce za a nemi faifai, ba mako mai zuwa ba.

Kwafin waje kuma ya bar ginin. Guda a gidan shugaba, guda a hannun ɗan'uwa amintacce a Gadarif ko Fot Sudan, duk mai tafiya ya tafi da sabo ya dawo da tsoho. A kulle shi da kalmar sirri, domin sunayen mutane ne da lambobinsu a ciki, kuma akwai shingayen bincike a hanya. Kalmar sirrin kada ta zauna a kan mutum ɗaya, a rubuta ta a ba dattawa biyu. Rajistar da ta fi muhimmanci a buga ta a takarda ƙarshen kowane zangon karatu ko kowace kaka. In kuɗin lajna bai kai faifai biyu ba, na tagwaye da na waje, a sayi na waje, a bar tagwaye sai baɗi. Kai kuma muhandis, ɗana, in aka matsa maka ka yi aikin yau babu kwafi a gefe, ko da kawunka ne ya matsa, ka ce masa ya yi haƙuri ba za ka yi ba, ka ɗauki jakarka.